Tambaya da Amsa: "Anti, kakarsa ta ce jikin gidansu ne"

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da na yi maganar tamowa a fitowar da ta wuce, inda na ce a riƙa kai yara awo ko da lafiyarsu lau, saƙonni suke ta shigo min, kuma da yawansu ba kan rama ba ne, kan ƙiba ne. Na zaɓo huɗu. Na ɗan gyara rubutun inda ya cakuɗe, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Anti ina wuni, ya aiki. Dan Allah ki taimaka min da shawara wlh abin ya fara damuna. Ɗana na fari shekararsa 7, ran nan munka je asibiti saboda zazzaɓi aka ɗora shi kan sikeli kilo 36, tsawonsa kuma santimita 125, sai nas ɗin ta kalle ni ta ce Hajiya a rage mai abinci. Ni ma'aikaciya ce, bakwai da rabi na bar gida sai huɗu nake dawowa, da safe shayi da burodi ko Indomie da ƙwai, in sa mai biskit da lemon kwali a jaka, in an tashi mai adaidaita ya ɗauko su, ya ci abinci ya tafi islamiyya, ya dawo sai katun har barci ya kwashe shi. Yanzu ko tsakar gida ya zagaya sai haki, cinyoyinsa na gugar juna har sun yi baƙi, yunifom sau biyu na sake ɗinkawa a shekarar nan. Da na faɗa wa Inna, mahaifiyar maigidan, sai ta ce in rufa mata asiri kar in sa wa jikanta baki, jikin gidansu ne, wai mu 'yan boko ba mu da godiyar Allah ga yara can ƙauye yunwa na kashe su. Kuma duk ran da ta zo sai ta zuba mai tuwo malmala biyu ta tsare shi sai ya cinye. Babansa kuma ba ya son abin da zai ɓata wa Inna rai. Ya zan yi?
Wata uwa, Gesse, Birnin Kebbi

AMSA: Lafiya lau ƙanwata, Allah ya raya mana shi. Nas ɗin nan ba ta yi miki ƙarya ba. Yaro namiji ɗan shekara 7, matsakaicin nauyinsa wajen kilo 23 ne a jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma nauyi shi kaɗai ba ya yanke hukunci don akwai dogo akwai gajere, shi ya sa ake haɗa shi da tsawo. A ninka tsawon da kansa a mita, 1.25 sau 1.25, sai a raba kilo 36 da abin da ya fito, za ki samu 23. A shekarunsa, wannan lissafin in ya haura wajen 19 an shiga ƙibar da likita ke kira ciwo. To kin ga an wuce da ɗan nisa, ga haki kuma ya fara, ba maganar a bari ya girma ya zube ba ce.

Sai dai kafin in ce komai kan abinci, bari in tsaya kan Inna, don in ba a samu kanta ba duk abin da za ki yi a banza ne. Kar ki ɗauke ta jahila. A binciken lafiya na ƙasa na 2018, jihar Kebbi ce ta fi kowace jiha yawan yaran da suka tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, kashi 66 cikin 100 na 'yan ƙasa da shekara biyar, wato yaro biyu cikin uku. A binciken dai, yaran da nauyinsu ya wuce ƙima a duk Najeriya kashi 2 ne kacal. Wannan ita ce duniyar da Inna ta sani. Ki tambayi maigidanki su nawa ta haifa kuma su nawa suka rayu, ƙila ki ji abin da zai sanyaya miki jiki. Lokacin da nake aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye akwai wata tsohuwa da ke kawo jikarta awo, kullum kafin in ɗora yarinyar kan sikeli sai ta kama cinyarta ta ɗan matsa, ta kalle ni ta ce "Malama ta yi nama ko?" Daga baya na ji 'ya'ya huɗu ta binne, duk bayan yaye, duk da rama suka fara. Wanda maciji ya taɓa sara ko tsumma ya gani gudu zai yi. A wajen Inna malmala biyun nan kariya ce take ba jikanta.

Don haka kar ki ja da ita, kuma kar maganar ta fito daga bakinki, kin san yadda maganar suruka take. Maigidan ya ɗauke ta tare da yaron su je wajen likitan yara, ta ji da kunnenta, a gwada jininsa a gabanta. In akwai mai ciwon suga ko hawan jini a dangin, kuma gidan da ake cewa "jikin gidanmu ne" da wuya a rasa, a tuna mata da shi cikin ladabi. Gado gaskiya ne, akwai shi, amma ba jini kaɗai ake gada ba har da tukunya. Sannan ki ba ta aiki. Ki ce Inna yaron nan ya saba da kayan leda, ki koya mana irin abincin da kika raini babansa da shi. Za ki ga ta tashi da dambun zogale, kwaɗon rama, fate, ɗanwake, miyar kuka da busasshen kifi. Tsohuwar da aka ce ta koyar ba ta faɗa da kowa.

Yanzu abincin. Ban yarda da "a rage mai abinci" haka kawai ba, yaro ne mai girma, ba a sa shi yunwa, ba a ba shi shayin rage ƙiba ko wani jiƙo na masu talla a Facebook. A irin shekarunsa yawanci abin da ake nema shi ne nauyin ya tsaya wuri ɗaya, tsawo ya zo ya tarar da shi, likita ne zai ce ko ana buƙatar fiye da haka.

Ki fara da abin sha, nan ɓarnar ta fi yawa kuma nan ta fi saurin gyaruwa. Yawancin lemon kwalba ƙarami akwai suga wajen cokalin shayi takwas zuwa tara a ciki. Ki ɗauko kofi ki zuba cokali tara ki ajiye gaban babansa ya gani, ni na sha yi wa iyaye haka, sai ka ga mutum ya yi shiru. Lemon kwalin da aka zana wa hoton 'ya'yan itace da madarar roba mai zaƙi duk tafiyarsu ɗaya, hoton ne kawai ya bambanta. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi sugan da ake ƙarawa kar ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci a rana, in an samu ƙasa da kashi 5 ya fi, to kwalba ɗaya ta kusa cinye wa yaro kasonsa na yini guda tun kafin a zo ga shayin safe, wanda na san irinsa, madara cokali uku, garin koko cokali biyu, suga kuma a kai. Gwamnati ma ta sa harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon zaƙi a 2022 wai don a rage sha, naira goman da yau ko fiya wata ba ta saye. A jakar makaranta ki sa ruwa, dafaffen ƙwai, gyaɗa, ayaba ko lemon ɓawo. Zai yi kuka sati ɗaya ko biyu, ki daure. Zoɓo da kunun aya na gida ma in an narka musu suga ba su da maraba da na kanti.

Na san matsalarki lokaci ne ba rashin sani ba, mai fita bakwai da rabi ba ta da lokacin jiƙa wake. Ki dafa wake ko dankali da dare ki ɗumama da safe, ko a sayo ƙosai a haɗa da koko mara suga sosai. Tuwo malmala ɗaya, miya da yawa, ganye da kifi, mu da muke da Argungu da Yauri ai bai kamata kifi ya zama baƙo a kwanon yaro ba. Kuma duk gidan za a canza, kar a ware shi ƙannensa na shan lemo yana kallo, wannan horo ne ba magani ba. A kashe talabijin lokacin cin abinci, yaron da idonsa ke kan katun bai san ya ƙoshi ba.

Sai motsi. Ɗan shekara 5 zuwa 17 ana so ya samu aƙalla awa ɗaya kullum yana wasan da zai sa shi gumi. Ki duba ranar ɗanki da kika lissafo min, daga kujerar adaidaita zuwa bencin aji zuwa tabarmar islamiyya zuwa kujerar falo, ina ya taka ƙasa? Gidajenmu na sabbin unguwanni get a kulle, tsakar gida an shafe da siminti, muna tsoron barin yaro waje kuma tsoron na da dalili. Ga zafin Birnin Kebbi, a watan Afrilu wa zai ce yaro ya fita da rana. To a nemi sanyin yamma, ƙwallo ko keke ko da cikin gida ne, in islamiyyar ba nisa a raka shi da ƙafa, babansa ya riƙa tafiya masallaci da shi magariba da isha'i.

Abu na ƙarshe, ki hana kowa kiransa lukuti ko buhu a gidan, har ke. Na ga yaran da tsokana ta sa suka daina fita wasa, suka koma ɗaki suna ci a ɓoye.

TAMBAYA: Malama barka da aiki. Ni manomi ne, ɗiyana ukku duk sirara ne. Ƙanena na aiki Birnin Kebbi, matatai ta yi karatu har NCE, in sunka zo sallah ɗiyansu ɓul-ɓul kamar a taɓa jini ya fito, nawa kuwa kamar ba a ba su abinci, har mutane na yi muna magana. Tawa matar ba ta yi boko ba, shin shi ne dalili? Kuma wani mai kemis ya ce akwai maganin ruwa da ake ba yara su ci abinci su yi jiki, in saya?
Wani magidanci, daga wani ƙauye kusa da Bunza

AMSA: Malam kar ka saya, ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa. Abin da ake kira sha-ka-fashe yawanci ɗayan biyu ne. Ko dai maganin ƙaiƙayi da mura ne mai buɗe ciki ya sa barci, ko kuma ƙwayar da ake kira dexamethasone, ita ce ta fi haɗari. Tana kumbura fuska ta yi zagaye kamar faranti, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, kai kana murna yaro ya yi kumatu alhali suga na hawa, ƙashi na rauni, tsawonsa na tsayawa, jikinsa kuma ya kasa yaƙar ƙananan cututtuka. Wanda ya daɗe yana sha ma ba a yanke masa rana ɗaya sai da likita, don yankewar kanta na iya kayar da mutum.

Maganar boko kuwa, kar ka ɗora wa matarka laifin da ba nata ba, amma zan faɗa maka yadda abin yake. Karatun uwa na da amfani sosai ga ɗa. A binciken 2018 da na ambata a sama, fiye da rabin 'ya'yan matan da ba su yi makaranta ba sun tsumbure, abin yana raguwa sosai yadda karatun uwa ke ƙaruwa, kuma tsumburewar ta fi yawa a ƙauye, kashi 45 cikin 100, a birni 27. Uwar da ta yi karatu ta fi kai yaro rigakafi, ta fi saurin zuwa asibiti in gudawa ta kama shi. Wannan gaskiya ne, shi ya sa nake roƙonka in akwai mace cikin ukun nan ka bar ta ta yi karatu.

Sai dai karatun bai hana ɗaya matsalar. A ƙasashe irin namu ƙibar yara an fi ganinta a birni, a gidan masu albashi, gidan da uwa ta yi karatu, domin su ke da kuɗin biskit da lemo da mota kuma su ne ba su da lokacin girki. A Ingila da Amurka kuwa abin a juye yake, 'ya'yan talakawa da waɗanda iyayensu ba su yi nisa a karatu ba su suka fi ƙiba, saboda can abincin leda shi ne mai araha, ganye da kifi su ne na masu hali. Ƙasa in ta fara samun sauƙi haka abin ke gangarowa daga gidan mai kuɗi zuwa gidan talaka. A duniya baki ɗaya, yara 'yan shekara 5 zuwa 19 masu nauyin da ya wuce ƙima kashi 8 ne cikin 100 a 1990, zuwa 2022 sun kai kashi 20. Mu nan har yanzu rama ce ta fi yawa nesa ba kusa ba, amma ka leƙa shagon ƙauyenku ka ga abin da aka rataye a bakin ƙofa, biskit ne da alawa da garin lemo na leda. Na taɓa ganin mata ta kawo ƙwan zabi kasuwa ta sayar, ta juya ta sayi biskit da kuɗin ta miƙa wa yaron da ke bayanta, a ganinta ta yi masa gata irin na 'yan birni. Kuma yaron da ya tsumbure yana ƙarami, in daga baya ya faɗa cin zaƙi da maiƙo, ya fi saurin tara kitse a ciki da kamuwa da suga in ya girma.

To 'ya'yan ƙanenka ba su ne ma'auni ba, ƙila ma su ke buƙatar ganin likita. Siranta daban, tamowa daban. Yaron da ke cin abincinsa, yana guje-guje, yana bin awaki, yana ƙara tsawo, ba ruwanka da maganar mutane. An ce ido ba mudu ba ya san ƙima, amma a jikin yaro ido na yaudara, ka kai su asibitin da ya fi kusa a auna su. Ɗan wata 6 zuwa shekara 5 akwai ɗan tef mai launi da ake naɗa masa a damtse, in ya nuna ja, ƙasa da santimita 11.5 ke nan, tamowa ce mai tsanani kuma akwai maganinta, in kore ne ka gode Allah. Ka kuma lura da wannan, don shi ne ya fi ba ni tsoro a ƙauye: yaro ya kumbura ƙafa da fuska a ce ya yi ƙiba. Ka danna bayan ƙafarsa da babban yatsa ka ƙirga uku, in ka ɗaga ka ga rami ya zauna, ruwa ne ba nama ba, a ranar za a kai shi asibiti ba gobe ba.

Kai manomi ne, abin da yaranka ke buƙata yana rumbunka. Kafin ka kai wake da gyaɗa da waken suya kasuwa ka ware na gida, ƙwan kaji kar a sayar duka, a zuba garin gyaɗa ko na waken suya a kunu, a samu nono in da hali, zogale kuma ko a bayan ɗaki a dasa.

TAMBAYA: Anti jaririna wata 5, nono zalla nake ba shi, kilo 9 yake, duk jikinsa ninki-ninki. Maƙwabciyata ta ce in riƙa ba shi ruwa ina rage nonon kar ya zama ƙato. Haka ne?
Wata amarya, Yauri

AMSA: A'a 'yata, ki ce mata kin gode ki ci gaba da abinki. Nono zalla har wata 6, ba ruwa ba jiƙo, duk lokacin da ya nema. Ƙibar jaririn nono ba abin tsoro ba ce, da ya fara rarrafe za ki ga ninkin na zubewa, shayarwa ma na daga cikin abin da ke rage haɗarin ƙiba nan gaba. Ki dai riƙa kai shi awo ana cika katinsa. Inda ake kuskure shi ne bayan wata shida, a fara koko ana zuba suga, ko a tsoma masa lemo a baki ana dariya yana lashe leɓe. Harshen da ya saba da zaƙi tun yana goye wuyar sha'ani gare shi.

TAMBAYA: Salam Anti. 'Yata shekara 11, tana da jiki sosai, wuyanta da hammatarta sun yi baƙi ƙirin kamar datti, na goge da soso har tana kuka bai fita ba. Wata ta ce in shafa mata man bilicin. Mene ne shawara?
Wata uwa, Jega

AMSA: Ki ajiye sosan nan 'yar uwa, ki kuma ba yarinyar haƙuri, ba ƙazanta ba ce. In baƙin ya yi kauri, in kin shafa kin ji laushi kamar karan-miski, sau da yawa alama ce jiki ya fara gardama da sinadarin insulin mai sarrafa suga, kuma an fi ganinsa a yara masu ƙiba. Ba wai ta kamu da ciwon suga ba ke nan, amma gargaɗi ne. Ki kai ta asibiti da safe kafin ta karya a gwada sugan jininta, a auna hawan jini, ki gaya musu in akwai mai suga a danginki ko na babanta. Man bilicin ba zai taɓa shi ba, da yawansu ma akwai sinadari dangin wancan na sha-ka-fashe a ciki, sai ki ƙara mata wata cutar. In nauyin ya daidaita baƙin kan ragu da kansa.

Duk abin da na faɗa wa 'yar uwarmu ta Gesse kan lemo da shayi ya shafe ki, sai ƙari ɗaya saboda mace ce. Da yarinya ta kai shekarun nan sai mu ce ta girma ta daina tsalle-tsalle, ta zauna ta natsu. Mu a shekarunta mun yi daka, mun yi surfe, mun ja guga, da dare mu fita gaɗa, yanzu inji ya karɓi daka, famfo ya karɓi rijiya, waya ta karɓi dandali, ba kuma a ba yarinyar wani abu a madadinsu ba. Ki saya mata igiyar tsalle, ki rufe ƙofar gida bayan la'asar ta yi da ƙannenta, ke ma in gwiwa ta yarda ki shiga. In kun je gwajin ki rubuto min abin da aka ce.